Rasuwar Sarkin Mayo, Jirgin da Ba Shi da Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya wadda ta fi baƙin cikin nauyi, ni Hamman Gabdo na bakin Mayo Yedzeram, wato kogin Yedzeram, a nan Mubi, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jirginmu, Sarkin Mayo, wanda ya cika ranar Lahadi da rana tsaka yana da shekara tara.

An haife shi a hannun Baba Vandi, kafinta mutumin Michika, lokacin da wasu 'yan fim suka zo neman jirgin ruwa irin na zamanin da, mai dogayen sanduna uku da filafilai. Da suka gama ɗauka suka tafi, Baba Vandi ya damƙa mini amanarsa, tunda a filina aka kafa shi, jingine da katangata.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ci, ba ya sha, sai baƙin mai da nake shafa masa saboda gara. In iska ta taso yakan ce ƙiii, ƙiii, filafilansa na buhun taki su amsa da faf-faf. Amare daga Kwaja har Muchalla sun ɗauki hoto a gabansa. Malamai sun kawo ɗalibai ganinsa.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Marigayin gefe ɗaya gare shi. Kyamara dama kaɗai take so, don haka dama kaɗai aka yi. Hagu babu komai sai katakon tokara da igiya, da kajin matata Habibat. Ni kuwa, bakina ba ya zama shiru, na gaya wa baƙi cewa daga Legas ya taso, ya biyo Binuwai da ƙafarsa har ƙofar gidana. Har buhunan gishirin da ya ɗauko nakan lissafa musu. Na hana kowa zagayawa baya, wai akwai maciji.

Damina uku a jere Baba Vandi yana hawo acaɓa da ciwon gwiwarsa, yana roƙona mu ja jirgin zuwa tudu, don mayo na cin gaɓa. Na ce masa sai baɗi. Ba ƙarfi na rasa ba, ba mutane ba. In an raba shi da katanga, gari zai ga bayansa, ya ga nawa.

Jinyar marigayin ba ta yi tsawo ba. Ruwa ya sauko daga duwatsu daidai lokacin da ake tashi daga coci, hanya cike da jama'a. Karon farko a rayuwarsa ruwan mayo ya taɓa shi. Ya ɗaga kaɗan, har na soma fata. Sai ya ce ƙiii, ya juya a hankali, ya nuna wa Mubi hagunsa, ya kwanta ɓaras. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Ya bar kaji goma sha ɗaya, da hotunan aure masu yawa, da Baba Vandi, wanda ya zo ya shafa katakon ya tafi. Masu hotuna kada ku yaga su. Gefen da ke ciki aikin gaskiya ne, ƙaryar tawa ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a filina. Ba za a yi masa wanka ba, wanda ya samu ya isa. Baba Vandi zai cire ƙusoshin da hannunsa, allon sunan kuma nasa ne. Kafin nan gawar tana nan ga mai son gani, kuma an yarda kowa ya zagaya baya. Babu maciji. Ni za ku tarar a wurin.