Takalmin da Na Je Gaida Surukai da Shi

Ranar da zan fara zuwa gaida surukaina a Tsibiri, na fito da sabon takalmin kambas da na saya a kasuwar Maraɗi. Abokina Sanusi, wanda zai raka ni, ya jujjuya shi ya ce, "Anya ba jabu ba ne?"

Na zaunar da shi na yi masa karatu. Na ce orijinal fata ce mai laushi, ƙasansa ɗinke yake, jabu kuwa roba ce da gam. Duk gaskiya na faɗa. Nawa ne kawai ban duba ba.

Muka hau babur ɗin kabu-kabu da rana tsaka, ƙafata ta dama jikin salansa mai zafi, gam yana narkewa ban sani ba. A ƙofar gida na sauka ina taku da isa. Ƙasan takalmin dama ya tsaya, ni na wuce. Kwali ne a ciki, har da hoton taliya.

Surukina ya duba ya ce, "Shigo, ɗana, an rage maka aikin cirewa."

Yau 'ya'yanmu uku, amma in na shiga Tsibiri ƙannen matata sai sun leƙa bayana su ce, "Yaya Orijinal, ba ka bar komai a hanya ba?"