Hujjar Malam Jatau

Jama'a, ku matso in ba ku labarin maƙwabcina Malam Jatau da ofishin tallafi, don ni har yau in na tuna sai na riƙe ciki.

Shi dai Malam Jatau shekara ashirin da bakwai ya yi a wata masaƙa a Kakuri, ɓangaren duba atamfa. Aikinsa ke nan tun safe har a tashi: atamfa na wucewa ta gabansa, yana duba launi, yana duba gefenta inda ake buga sunan masaƙa da hatimi. Abin ya bi masa jiki, har ta kai ko biki ya je, wasu na kallon amarya, shi yana kallon bakin zanenta. To, atamfar waje ta cika kasuwa a kan araha, tasu ta yi kwantai, aka garƙame masaƙa, aka miƙo wa bawan Allah takardar sallama.

Ana nan sai ga sanarwa a rediyo, wai za a tallafa wa ma'aikatan da kayan waje suka raba da aikinsu. Za a koya wa mutum ɗinki, a ba shi keke nasa na kansa. Wayyo, zo ka ga murna! Ranar Jatau ya share zaurensa tas, ya nuna wa matarsa Lantana kusurwar da keken zai zauna. Dattijo mai 'ya'ya bakwai, wata goma sha ɗaya yana zaman benci, dole ya yi rawar jiki.

Zuwan farko aka ce hotonsa da hula, a je a sako marar hula. Zuwa na biyu aka ce babu sa hannun mai unguwa. Na uku kuwa aka ce Hajiya Asabe, wadda ke tantance mutane, ta tafi taron bita kan kishin kayan gida. Wallahi ni abin har haushi ya fara ba ni, shi ya sa na huɗun na ce mu je tare. Kuma ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe rajista.

Muka samu Hajiya a hakimce, ta sha atamfa sabuwa dal, sai ƙyalli take. Ta karɓi takardar sallamar da yatsu biyu kamar ta ɗauko ta daga kwata, ta karanta, ta taɓe baki.

"Baba, nan cewa aka yi an sallame ka saboda matsin tattalin arziki. Mu kuwa tallafinmu na waɗanda kayan waje suka kora ne."

Jatau ya ce, "To ranki ya daɗe, ni wa ya kore ni?"

"Oho, kai ka sani. Ƙila rashin wutar lantarki ne, ƙila manajanku ne ya yi sama da faɗi. Ka koma masaƙar su rubuto maka."

"Hajiya, masaƙar nan fa yanzu awaki ke kiwo a cikinta. Wa zai rubuto, bunsuru?"

Ta ce, "Ni dai doka nake bi. Hujja nake so cewa kayan waje sun shigo sun kashe muku kasuwa. A rubuce, da hatimi, a maƙale a jikin fom. In babu, ka ba na bayanka wuri."

Na dubi agogon bango, huɗu saura kwata. Jatau ya sunkuyar da kai, gwanin ban tausayi. Na ɗauka hawaye yake ɓoyewa, har na kama hannun rigarsa in ja shi mu fita. Ashe gogan naku tsohuwar sana'a ce ta motsa, idonsa na kan bakin zanen Hajiya da ya leƙo ta ƙarƙashin tebur, ga rubutu nan raɗau a gefensa.

Ya ɗago a hankali ya ce, "Hajiya, ba don in katse ki ba, atamfar nan taki ta yi kyau. Wannan adon na makulli ai irin namu ne sak, ni na duba na farko da ya fito daga inji."

Ta gyara zama, ta ɗaga kai. "Haba Baba, wane irin naku? Daga waje aka kawo ta. Ba ka ga hatiminsu a gefe ba? Yo wa ke ɗaura ta gida yanzu?"

Jatau ya ce, "Alhamdulillahi, ga rubutu, ga hatimi. Saura ki gaya mini yadda zan maƙala ki a jikin fom."