Ginshiƙin Da Ya Tare Wa Mota Hanya

Jama'a, yau sai ku yi haƙuri da ni, a kan waya nake buga muku wannan shafi, da babban yatsa ɗaya, ina yi ina gogewa. Kwamfutata tana hannun 'yan kwana-kwana. Ba wuta ta kama ba, karatu take yi. Da safen nan na je karɓo ta, na tarar da ita a kan benci a gindin bishiya, ƙarti takwas sun kewaye ta. Na tsaya ina ta gyaran murya har maƙogwarona ya bushe, babu wanda ya ɗago kai. Daga ƙarshe ɗaya ya ce, "Malam, ɗan matsa, kana tare mana sabis." Na matsa. Na dawo gida hannu rabbana.

Bari in faro muku daga tushe. Mijin ƙanwata ɗan kwana-kwana ne, Dogo muke ce masa. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da tiyo, ba a taɓa ƙara masa ko igiya ɗaya a kafaɗa ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo sau biyu kafin ya amsa, don kada ya yi maka ƙarya. Wata uku da suka wuce takarda ta sauko daga sama: duk mai son ƙarin girma sai ya yi wani kwas ta intanet, a wata kwaleji da babu wanda ya taɓa ganin ƙofarta, kan yadda ake yin gini da yadda gini ke faɗuwa, domin mai kashe gobara ya san inda zai sa ƙafa da lokacin da zai ranta a na kare.

Ni dai na yaba, wallahi na yaba. An yi bikin ƙaddamar da kwas ɗin a otal har kwana uku, an raba jakunkuna da huluna masu tambari, an ci an sha. Abubuwan da aka manta ba su da yawa: kwamfuta, da intanet, da wutar da za a kunna su. To, ai kwana uku ba za su isa a tuna komai ba.

Haka Dogo ya zo gidana, ya zauna a bakin kujera, ya ce, "Yaya, aron na'urar nan zan yi, sati biyu." Kafin in buɗe baki uwargida ta riga ta naɗe masa cajar.

Tun daga ranar muka shiga uku. Malamar da ke koyar da su tana fitowa ne a bidiyo, baiwar Allah mai haƙuri, in sabis ya ɗauke sai ta tsaya baki buɗe tsawon minti goma ba ta yi fushi ba. Amma abin da take faɗi yana shiga kan Dogo. Mutumin da ba ya magana ya koma ƙwanƙwasa bangon mutane. Ya zo gaisuwa, ina yi masa sannu da zuwa, shi idonsa na sama.

"Yaya, lintar ɗakinka rodi nawa ne a cikinta?"

"Ban tambaye ta ba."

"Hmm," in ji shi, ya zaro ɗan littafi ya rubuta wani abu. Har yau bai gaya mini abin da ya rubuta ba.

Aka zo darasi na shida, alamomin ginin da ke shirin ruftawa. Aikin gida: ka zaɓi gini mafi kusa da kai, ka duba shi, ka ɗauki hoto, ka auna, ka rubuta rahoto. Abokan aikinsa masu wayo suka samo wani kango da ko akuya ta daina shiga, suka ɗauki hotonsa daga kusurwa bakwai, kowa ya tura nasa. Dogo kuwa an ce mafi kusa, sai ya ɗaga kai. Gini mafi kusa da shi ai tashar kashe gobararsu ce.

Wannan tasha bara aka yi mata kwaskwarima, kuma ina wurin. An sayo sabuwar mota ja wur, tana walƙiya, aka kawo ta ana jiniya ana gobe buɗewa. Da aka zo shigar da ita gareji sai ta ƙi shiga, saboda akwai wani ginshiƙi tsaye a tsakiya. Babu wanda ya auna motar, babu wanda ya auna garejin, ai manya ba sa yawo da tef. Ga shi washegari shugaban hukumar, Mai Girma Uban Almakashi, zai zo yanke ƙyalle. Da gari ya waye motar tana ciki, ginshiƙin kuma ya yi ɓatan dabo. Bayan wata biyu aka lura tashar ba ta da ruwa, sai aka ɗora manyan tankuna biyu a kan rufin kankaren, daidai inda ginshiƙin yake a da, don wurin ya fi faɗi. A ƙarƙashin wannan rufi mota take, da bencin da mutum takwas ke zaman jiran kira, da teburin da ake ajiye littafin baƙi.

Dogo ya ga tsaga a rufin. Ya hau tsani ya ja layi da fensir a ƙarshenta, ya rubuta kwanan wata, ya soka tsinken ashana ya shige. Bayan mako guda tsagar ta wuce layin, ya soka biro ya shige. Mako na uku ya sa ɗan yatsa. Duk ya ɗauki hoto.

Ni da ba na son jita-jita, sai na tari maƙwabcina birkila, wanda na ji an ce da shi aka yi kwaskwarimar.

"Maƙwabci, wai ina ginshiƙin nan ya tafi?"

"Ni na fasa shi."

"Kai? Ba ka san shi ke riƙe da rufin ba?"

"Na sani mana. Na ce wa ɗan kwangila, Oga, wannan fa ba ado ba ne. Ya ce, kai injiniya ne? Na ce a'a. Ya ce to ɗauki guduma."

"Yanzu me ke riƙe da rufin?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Fentin dai mai kyau aka shafa, hannu uku." Ya ƙara da cewa shi tun daga lokacin in zai wuce ta layin, ta ɗaya ɓangaren titi yake bi.

Dogo ya tura rahotonsa. Kwana biyu amsa ta dawo, maki casa'in da takwas, mafi girma a ajin. A ƙasa malamar ta rubuta: "Aiki mai kyau ƙwarai. Ina fata babu mutane a cikin wannan gini. In akwai, a fitar da su yau." A ranar Dogo da abokan aikinsa suka ɗauko bencinsu suka kawo gindin bishiya. Abin da Dogo bai sani ba shi ne duk sakamakon da ya fito, kwafinsa yana tafiya kai tsaye zuwa hedikwata, har da hotuna.

Mu da muke cewa ba a karanta takarda a ofisoshin nan, mu nemi gafara. Wasiƙar neman takalman wuta ta shekara uku tana yawo daga tebur zuwa tebur, amma wannan rahoto cikin yini ɗaya aka karanta shi, aka fahimce shi, aka ba da amsa. Ogan tasha ya kira Dogo ya miƙa masa takarda. An ba shi zuwa Juma'a ya janye aikin gidan, ya nemi wani gini ya rubuta, ya sa hannu cewa abin da ya gani kumburin fenti ne, sannan benci ya koma ciki. In ya ƙi, maganar ƙarin girma ta mutu, kuma za a duba zamansa a aikin gaba ɗaya.

Ƙanwata ta zo mini ido jawur. "Yaya, ka yi masa magana, kai yake jin nauyi. Yara huɗu, in aka sallame shi ina za mu sa kanmu?"

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku daina karanta ni. Ni da nake cika muku kunne kowane mako da maganar tsayawa kan gaskiya, na je na sami Dogo na ce ya sa hannu. Na ce masa rufin nan ya shekara bai faɗo ba, wa ya san ko zai ƙara goma. Ya saurare ni har na gama, don ba ya katse babba.

"Yaya," ya ce, "in na sa hannu, bencin zai koma ciki. Mu takwas ne a kansa. Direbanmu makon jiya matarsa ta haihu."

Na ji kunya, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na ce masa to, Allah ya taimaka, na hau babur ɗina.

Ranar Juma'a Mai Girma Uban Almakashi da kansa ya zo kawo ƙarshen ƙarairayi. Mota goma sha ɗaya na ƙirga, a garin da muke kwashe rabin yini a layin mai. Ya tsaya a bakin get ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce ginin nan zai shekara ɗari, ya ce wasu sun yi karatun wata uku a waya suna son koya wa ƙwararru aiki. Aka yi tafi, ni ma na yi, don wanda ke kusa da ni yana kallona.

To akwai wata ƙa'ida a tashoshin nan. Duk babban da ya kawo ziyara ba ya tafiya sai ya zauna a tebur ya sa hannu a littafin baƙi, a ɗauke shi hoto da biro a hannu. Ranar kuwa Dogo ne mai tsaron tebur. Ya fito, ya ƙame, ya sara.

"Ranka ya daɗe, littafi."

Mai Girma ya gyara riga ya nufi garejin, masu kyamara na biye. Ya kai daidai bakin ƙofa ke nan sai wani ɗan yashi ya zubo daga sama, surrr, ya sauka a kan teburin. Bai kai cikin cokali ba. Mai Girma ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon kumburin fentin, wanda ranar hannu ma zai shiga cikinsa. Ƙafarsa ta dama da ta riga ta tsallaka dokin ƙofa ta dawo da kanta.

"A kawo littafin nan waje, ya fi haske."

"Ranka ya daɗe, a ɗaure yake da sarƙa a jikin tebur," in ji Dogo. "Umarninka ne bara, da tsohon littafin ya ɓace."

"To a kawo har teburin."

Ya waiwaya wajen muƙarrabansa. Mota goma sha ɗaya cike da mutane, kowa a lokacin ya tuna yana da saƙo a waya. Dogo da direban nan mai sabon jariri su suka shiga suka ɗauko teburin, suka ajiye a tsakiyar fili. Mai Girma ya hure yashin, ya zauna, ya rubuta da kyakkyawan rubutu cewa ya duba gini ya same shi lafiya lau. Na gani da idona.

Kafin ya shiga mota sai ya sanar da sabon tsari, wanda ya ce an daɗe ana nazarinsa. Daga yau, don kusantar da aiki ga jama'a, ma'aikata za su riƙa zama a waje. Motar ma a fito da ita talakawa su riƙa ganin abin da aka saya musu. Tankunan kuma a zubar da ruwansu, za a wanke su, sai an ji sanarwa. Kai, hangen nesa irin na manyanmu sai dai a yi shiru.

Yanzu ga inda aka kwana. A takarda ginin lafiyarsa ƙalau, an dai zagaye shi da igiya an rataya kwali cewa fenti bai bushe ba. Dogo ba a kore shi ba, amma an cire sunansa daga jerin ƙarin girma saboda ɓata sunan kadarar hukuma. Na je yi wa ƙanwata jaje, ina ta kame-kame, na tarar tana goge masa kaki, kafaɗar nan fayau ba igiya.

"Bar shi, Yaya," ta ce. "Jiya matar direban ta zo godiya da jaririnta, har da kuka. Ni dai kullum yamma ina jin ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya ishe ni."

Darasi na bakwai kan manyan benaye ne, aikin gidansa kuma iri ɗaya da na shida, mafi kusa da kai. Bene mafi kusa da tashar shi ne hedikwata, hawa biyar. Shekaranjiya takarda ta sauko cewa saboda ƙwazon da ma'aikata suka nuna an rufe kwas ɗin, kowa ya ci, ban da mutum ɗaya da ake duba ladabinsa, satifiket na nan tafe. Sai dai malamar ba ta samu kwafi ba, tana nan tana koyarwa, su kuma ƙartin nan takwas sun ƙi tashi daga gabanta. Shi ya sa nake buga muku da yatsa. Na ga Dogo ya sayi sabon tef na awo, mai tsawo.

Ni kuwa ba wai tsoro nake ji ba, amma na ja gadona daga ƙarƙashin lintar nan. Na gaya wa uwargida don kusantar da barci ga taga ne.