Uwargida Tana Bayan Labule

Wani ne a garinmu da ke jihar Nebraska ta Amurka, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, in ka hau tsani sai ka hango gari uku. Ya yi ritaya daga sayar da irin masara, ya rasa abin yi sai leƙen maƙwabci. Shi kuwa maƙwabcin, Wendell, yana da irin motar nan mai ɗaki da kicin da bayi, bayanta ba masaka tsinke saboda sitika. Duk gandun yawon buɗe ido na ƙasa da ya je sai ya manna shaida. Kullum da yamma zai fito da tsumma yana goge su ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da mutuminmu yake ba furanni ruwa.

Abin ya tsaya wa mutumin a maƙogwaro. Ya je ya sayo tasa motar, wadda ta fi ta Wendell tsawo da taku ɗaya, don sai da ya auna. Ya ce wa matarsa Noreen ta haɗa kaya, za su zaga duwatsu da kwazazzabai. Ba don Allah ya gayyace ta ba. Ta girme shi, ta riga ta kai shekarun da ake ba mutum katin tsofaffi, wanda mai shi yake shiga gandu kyauta da duk wanda ke cikin motarsa. Shekara da shekaru yana yi mata gorin tsufa, yau ga tsufan ya yi rana.

Noreen ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce tun tana budurwa take son ta zauna a bakin babban kwazazzabon nan na Grand Canyon ta ga faɗuwar rana. "Shi ke nan abin da nake so. In ka hana ni wannan, ka koma gida ka auri motarka."

Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Suka isa duwatsun Colorado. Ya tsaya a allon shiga gandu, ya sa ta ɗauke shi hoto yana nuna allon da yatsa kamar shi ya kafa shi. Ya shiga kanti ya sayo sitika, ya manna, ya tada mota. Noreen ta ce ga wasu manyan bareyi can a kwari, ya tsaya ta gani. Ya ce barewa akuya ce da ta samu wuri. Ta ce to dusar ƙanƙarar kan dutsen fa? Ya tambaye ta ko ta manta wanda yake kwashe ta a ƙofar gidansu duk hunturu.

A jihar Utah, gandun da ake zuwa kallon duwatsu masu siffar ƙofa, ko saukowa ba ta samu ta yi ba. Ya miƙo mata sitikar ta taga ya ce ta ƙare mata kallo kafin ya manna, wai ta ma fi na gasken fita, kuma babu zafin rana. Haka suka yi ta cin hanya. Gandu bayan gandu, abin da Noreen ta sani game da ƙasarta shi ne allo, kanti da wurin ajiye motoci.

Ana gobe za su isa Grand Canyon ta tashi daga kujerar gaba, ta koma gadon da ke ƙarshen mota, ta ja labule. Ta ce kada ya yi mata magana, kada ya taɓa labulen nan, sai rana ta kusa faɗuwa a bakin kwazazzabon. Da suka zo ƙofa da sassafe, kai kawai ta leƙo aka duba katinta, ta koma.

Mutuminmu ya ajiye mota ya bi layin sitika. Yana can, Noreen ta ji ba za ta iya jira ba, ta fita ta ƙofar gefe don ta ɗan leƙa abin da ta yi shekaru tana mafarki. Jakarta, wayarta, katinta, duk ta bar su a kan gado.

Ya dawo, ya manna, ya duba agogo. Yanzu gari ya waye, rana kuwa ba ta da niyyar faɗuwa. Ya yi lissafin cewa in ya zauna jiran ta, Wendell yana can yana ƙara goge sitiku. Ya koma kanti ya sayo katin hoto mai faɗuwar rana, ja wur, ya tura shi ta ƙarƙashin labule.

"Uwargida, ga faɗuwar ranarki nan. Wannan ma ba ta ƙarewa. Mu wuce gandun Zion ko?"

Shiru.

Ya ce shiru ma amsa ce, ya ba mota wuta.

Tafiya ta yi masa daɗi irin wanda bai taɓa ji ba. Ba mai cewa rage gudu, ba mai cewa ka wuce mararraba. Ya yi wa labule bayanin yadda ake zaɓen irin masara, labule bai katse shi ba. Ya kawo tsohuwar rigimarsu ta fentin kicin, ya kafa hujjojinsa tun daga tushe, ya ci nasara. Har waƙa ya yi. Can sai zuciyarsa ta yi laushi, ya ce wa labule ya san shi mutum ne mai wuyar zama, amma yau ya gane ta fara fahimtar sa. Ya share ƙwalla da bayan hannu.

A allon iyakar jiha ya tsaya hoto. Ya roƙi wata matafiya ta ɗauke shi shi da matarsa. Matar ta waiwaya ta tambaya ina matar take. Ya rungumi gefen motar, daidai tagar baya, ya ce tana ciki, ba ta cika motsi ba yanzu. Matar ta ɗauka, ta miƙa masa wayarsa daga nesa, ta shige motarta ta danna makulli.

Ya tsaya cin abinci a wani ƙaramin gari. Mai kawo abinci ta zuba masa kofi, ta tambaye shi ko shi kaɗai yake tafiya. Ya ce a'a, amma kusan haka ne. "Tun daga bakin kwazazzabon nan ban sake jin muryarta ba. Kuma in gaya miki gaskiya, 'yar nan, da na san haka abin yake da sauƙi da tuni na kai ta."

Yarinyar ta ajiye butar kofi a hankali, ta shiga ciki wajen waya. Baki dai shi ke yanka wuya.

Da azahar ya iso ƙofar Zion. Ya sa hannu ta gefen labule, ido a rufe don cika alkawari, ya lalubo jakar, ya miƙa wa malamin daji kati. Malamin dajin ya duba suna, ya dubi mutum mai gashin baki, ya ce yana son ganin mai katin.

"Tana fushi."

"Ta leƙo da fushin nata, yallaɓai."

Ya kira, shiru. Ya yi lallashi, shiru. Motoci suka yi layi a bayansa. Ya ce wa malamin dajin shi dai an hana shi taɓa labulen, in yana da ƙarfin hali ya buɗe da kansa. Malamin dajin ya hau, ya yaye. Ga filo, ga waya, ga hular rana, ga katin faɗuwar rana a ƙasa. Noreen ce kawai babu.

Kafin ya gama buɗe baki, motar 'yan sanda ta tsaya, don saƙon mai kofi ya riga shi isowa, na mai ɗaukar hoto ma haka. Wata 'yar sanda doguwa ta tambaye shi inda ya ga matarsa na ƙarshe. Ya ce Grand Canyon. Ta tambaya ko sun yi faɗa. Ya ce ba wani faɗa ba ne, ita ce ta matsa sai an kai ta baki-baki, shi kuma yana sauri. Ta tambaya ko ya yi nadama. Ya yi tunani tsakaninsa da Allah, ya ce abin da ya fi damun sa shi ne an tsayar da shi a ƙofa, kantin sitika kuma yana ciki.

Aka sa masa ankwa.

A kujerar baya ya yi tafiyar komawa, bayan ragar ƙarfe, ba sitiyari ba rediyo. A nan ne ya fara ganin ƙasar. Jajayen duwatsu, kwaruruka, sararin da ba iyaka. Ya ce wa 'yar sandan ashe wurin nan yana da kyau, yaushe aka yi shi? Ta ci gaba da tuƙinta. Daga nan tsoro ya fara shigar sa sosai. Idan fa da gaske Noreen ta faɗa kwazazzabon? Idan kuma ba ta faɗa ba, me zai ce mata? Ya rasa wanne ya fi.

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka iso. Ma'aikatan wurin sun ce akwai wata dattijuwa da ta wuni a benci ɗaya, an tambaye ta ko tana neman wani ta ce ko kusa. Suka same ta a bakin kwazazzabon, wasu matafiya sun ba ta bargo da kofin shayi, ta miƙe ƙafafu. Hasken yamma ya fara zuba a kan duwatsun, fuskarta kuwa ta koma ta budurwa.

Mutuminmu ya hango ta, ya ƙwala mata kira. "Noreen, ki gaya musu. Ki gaya musu ni ne."

'Yar sandan ta ce ya yi shiru. Ta durƙusa kusa da bencin, ta yi wa dattijuwar bayani cikin ladabi: an kama wannan mutumin da kayan wata mata, ana zargin ya hallaka ta. In ita ce matar, kuma mantuwa ce ya yi, kalma ɗaya ta isa.

Noreen ta dube shi daga hula har takalmi, ta tsaya a kan ankwar. Ta kurɓi shayi.

"In na ce mijina ne, yaushe za ku sake shi?"

"Yanzu-yanzu, ranki ya daɗe."

"Da makullin motar?"

"Da komai nasa."

Ta juya ta dubi rana, wadda sauranta kamar tsawon mashi ta taɓa dutse. Ta gyara bargonta.

"To, 'yata, ido ya tsufa. Ku mai da shi motarku, in rana ta faɗi ku kawo shi in sake dubawa."