Murfin Tukunyar Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin ƙanwata a Gummi, farkon shekarun tamanin, ranar da na kusa zubar da mutuncina a gaban rakodar Kawu Bawa.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon gyaran rediyo ba, kaina ya kumbura. Unguwarmu babu lantarki, batiran rediyo kuwa ba sa jimawa. Sai na haɗa regileta da hannuna a cikin akwatin katako: a jona mata batirin mota mai bolt goma sha biyu, a murɗa maɓalli, ta rage wutar zuwa yadda ake so. Zuciyarta wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafa uku da muke kira aisi. Duk wutar da ya rage, zafi take komawa a jikinsa, don haka dole a ɗaure shi jikin faffaɗan ƙarfe ya sha zafin. Ni kuwa da ban samu ba, sai na lallaɓa madafa na ɗauke murfin tukunyar silbar Inna, na huda, na ɗaure da kusa mai zare. (Ban tambaye ta ba. Injiniya guda zai tsaya neman izini?)

Rakodar nan daga Makka Kawu ya zo da ita, ko 'ya'yansa ba sa taɓa ta. Sai da na yi kwana uku ina magiya ya yarda in jona ta da regiletata ranar bikin. Ya ce, "In ka ƙone min ita, kak ka sake taka gidana."

Bayan azahar maza suka cika gindin darbejiya. Na saita bolt shida a mitar awon wuta, na jona, na danna. Kiɗa ya tashi raɗau. Na harɗe ƙafa ina kallon mutane ɗaya ɗaya, har da gyara hula.

Ba a gama waƙar farko ba, muryar mawaƙin ta fara ja, ta yi kauri kamar kukan bajimi, sai tsit. Can ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Kawu ya miƙe tsaye. "Mi ya hwaru? Ka kashe ta?"

Na yi maza na jawo mita. Na auna batiri, lafiya lau. Na ja wayoyi, babu wadda ta saki. Na auna bakin regileta, sai ga allurar mita tana faɗuwa tana tashi. A nan hankalina ya ɗan kwanta, don wuta raguwa take yi, ba ƙaruwa ba, rakoda ba ta ƙone ba. Na zura hannu cikin akwatin ban ko duba ba, yatsana ya sauka kan aisi. Ihun da na kurma, har awaki sai da suka watse. (Wasu sun ce na kira sunan Inna. Ban musa ba.)

Na leƙa. Aisi tsirara, babu murfi! Zafi ne ke sa shi yanke wuta don ya tsira da ransa. Cikin fushi na ɗaga murya: "Wa ya taɓa min akwati?"

Daga bayan ƙyauren zaure Inna ta amsa, kowa na ji: "Ni ce. Murhin tukunyata ne, da wuƙa na kwance abina. Wanga yaro, ka huda min murhi ranar biki, da mi kaka so in ruhe miya?"

Dariya ta ɓarke, har da mai riƙe ciki. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Haka na durƙusa bakin zaure, babban injiniya, ina cewa, "Inna, don Allah ki ara min."

Ta miƙo shi da miyar kuka a jiki. Na goge da gefen rigata, na ɗaure, na jona. Allura ta tsaya cak a kan shida. Rakoda ta yi ta kiɗa har rana ta yi sanyi ba ta ƙara yin tari ba, sai dai duk sanda murfin ya ɗumama, ƙamshin daddawa ya cika wurin. Kawu ya shafa rakodarsa ya ji ta da sanyi, ya ce, "Ashe dai ka iya." Kafin a watse, wani Ardo da ya zo daga Bukkuyum ya ce in haɗa masa tasa, zai aiko da murfi daga rugarsu.

Na yi alfahari ranar, ba zan ɓoye ba. Amma tun daga nan, in abu ya lalace, ido nake fara sawa kafin yatsa. Kuma komai iliminka, in za ka gina shi a kan murfin tukunya, fara gaida mai tukunyar.