Yadda Za Ka Sa Akwatin Rubutu Ya Miƙe da Kansa, Kai Kuma Ka Ci Ladan Nishi

Matso kusa, kai mai tsara shafi a shagon buga takardu, da kake wuni kana jan gindin akwatin rubutu da linzamin kwamfuta duk sanda aka ƙara kalma ɗaya. Bi matakan nan sau da ƙafa. Na ba ka tabbaci akwatin zai riƙa miƙewa da kansa, kuma kowa zai rantse ba a taɓa yin ma'aikaci mai wahala irinka ba.

An gwada an gani a kan mijin ƙanwata, wanda a shagonsu ake kira Injiniya. Ogansu ya ce kasuwa ta ja baya, ƙarshen wata zai sallami mutum ɗaya: ko Injiniya, ko Anti mai taifin. Wanda ya fi zaman banza shi zai tafi. Injiniya ya zo mini ido ya raina fata, na zaunar da shi na karanta masa wannan karatu.

Mataki na 1: Nemo maɓallin, amma kamar ɓarawo

Jira Oga ya fita duba janareta. Danna kan akwatin da ɓangaren dama na linzami, shiga zaɓuɓɓukan akwatin rubutu, nemo wurin da aka tanada don ya daidaita girmansa da kansa. A kashe za ka same shi. Kunna!

Injiniya na kunnawa ya zuba rubutu, akwati ya zarce ƙasa sululu ya tsaya daidai kan kalmar ƙarshe. Murna ta kama shi har ya miƙe tsaye ya buga cinya a teburi. Shekara da shekaru yana jan abin nan da hannu, ashe maganin na ƙarƙashin hancinsa.

Anti ta ɗago kai ta ce, "Lafiya, Injiniya?"

Ya ce, "Cinnaka ne, Anti."

Ka ji amsar ɗalibi mai fahimta.

Mataki na 2: Zaɓi tsayi kawai, ka kafe sama

Za a ba ka zaɓi: tsayi, faɗi, ko duka biyun. Ɗauki tsayi. Wanda ya ɗauki duka biyun zai ga sakin layi guda ya miƙe ya fice daga shafi kamar igiyar shanya.

Sannan akwai 'yan ƙananan murabba'ai da ke nuna inda akwatin zai kafe. Danna na sama, don ya riƙa girma yana yin ƙasa. Injiniya da rawar kai ya bar shi a tsakiya. Aikin ranar kuwa littafin bikin yaye ɗalibai ne, da hoton mai makarantar a saman jawabinta. Ana ƙara godiya, akwati na hawa. Ya ci sarƙar wuyanta, ya ci haɓarta, yana dab da hanci Allah ya sa ya lura. Masu hikima sun ce akwatin da bai san samansa ba, fuskar manya yake ci. Ni ne masu hikimar.

Mataki na 3: Kama bakinka

Kada Anti ta sani. Kada matarka ta sani, domin matar Injiniya ƙanwata ce, na san abin da nake faɗa.

Mataki na 4: Koyi nishi

Nan ne gwaninta take. Yanzu akwati na aikinsa, saura naka. Da zarar ka liƙa rubutu da hannun hagu, ja linzami ƙasa da na dama a lokaci guda, ka cije leɓe, ka saki nishi daga can cikin ciki. Mai kallo zai ga akwati ya miƙe, ya ga hannu ya motsa, ya ji nishi, shi zai haɗa lissafin da kansa.

Injiniya ya fara da ƙaramin "uhm". Kafin mako ya zagayo ya kai matsayin "wash Allah na!" har da dafe ƙugu. Mai gyaran waya na maƙwabta ya leƙo ya tambaya ko firiji ake ɗagawa.

Oga ya tsaya a bayansa ya ce, "Wai nauyi ne da shi haka?"

Injiniya ya share goshi ya ce, "Ranka ya daɗe, ya danganta da rubutun. Jawabin shugaban ƙungiya ya fi komai nauyi."

Oga ya jinjina kai, don shi ma ya taɓa sauraron irin jawabin.

Mataki na 5: Ajiye mara lafiya ɗaya don baƙi

Likitan da duk majinyatansa suka warke, gida zai koma. Bar akwati ɗaya a tsohon tsari, wanda in rubutu ya yi masa yawa yake fito da 'yar jar alamar nan a kusurwa. Oga na shigowa da kwastoma, buɗe shi, ka yi salati, ka nuna jar alamar da ɗan yatsa.

Ka ce, "Kun gani? Sauran maganar Alhaji tana ciki a maƙale. Kowa ya ja baya."

Sai ka ja shi a hankali har rubutun ya fito. Ranar da Injiniya ya yi wannan, wani mai sayar da tayoyi ya tafa masa, ya aika aka sayo masa lemo mai sanyi.

Mataki na 6: Ƙara kayan aiki

Bandeji a wuyan hannu. Man zafi a kan teburi, a buɗe, yadda warinsa zai riga ka gaisawa da mutane. In za ka ɗauki kofin shayi, sa hannu biyu.

Gaskiya a nan na ce masa ya tsaya a bandeji. Shi ne daɗi ya ɗebe shi, ya ƙaro ɗingishi. Na ce, "Kai, me ya haɗa linzami da ƙafa?" Ya ce, "Yaya, jijiya ce, duk a haɗe suke." Ita kuwa Anti tana gefe tana ta ƙwas-ƙwas a kan madannai, fuska a sake, har da 'yar waƙarta. Muka ce shi ke nan, ta sallami kanta.

Mataki na 7: Karɓi sakamako

Ƙarshen wata Oga ya kira Injiniya ofis, ya ja masa kujera da kansa. Injiniya ya zauna a hankali, ya ɗan yi nishi na ladabi.

Oga ya ce, "Na yi ta tunani har barci ya ƙaurace mini. Ban taɓa ganin wanda ya ba shagon nan jikinsa kamarka ba."

Injiniya ya sunkuyar da kai, zuciyarsa fari fat.

"Shi ya sa ba zan bari ka nakasa a hannuna ba. Kana da iyali. Me zan gaya wa Allah? Je ka gida ka yi jinya, Anti za ta haɗa aikin biyu."

"Ranka ya daɗe, ai na ji sauƙi!" Ya miƙe zumbur yana warware bandeji. "Duba, har tsalle ina yi!"

Idon Oga ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Dubi bawan Allah, yana ciwo yana ɓoyewa."

Da Injiniya ya koma ɗaukar kofinsa, ya tarar Anti ta hau kujerarsa tana addu'a, don ta ji labarin nauyin aikin. Ta liƙa rubutu, kafin ta kai hannu ga linzami akwati ya miƙe da kansa. Ta dubi akwatin, ta dubi Injiniya, ta dubi ƙofar Oga. Sannan ta dafe ƙugu ta ce, "Wash!"

Sanarwa

Ni dai alkawari biyu na yi, kuma duka sun cika: akwati ya miƙe, an kuma shaida wahalarka. Abin da ya biyo baya tsakaninka da oganka ne, babu hannuna, babu ƙafata. Wanda aka sallama kada ya nufo gidana, domin doguwar kujerar falo ɗaya ce, kuma tun da ƙanwata ta ji yadda aka yi, Injiniya ne ke kwana a kanta.