Na Turke Ɗiyan Kunkurun Kaka Dije

In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce shayin fada ne ya hau mini kai, amma ni ɗin nan na taɓa sa bayan kunkuru ya yi laushin da za ka iya tada kai da shi ka yi barci. Kunkuru fa, wanda ko kura ta ɗauka sai ta ajiye ta tafi jinyar haƙori. Ba zan manta da abin nan ba, kuma ko na so in manta, matan Birnin Lalle ba za su bar ni ba.

Ni dillali ne a karar Dakoro, wato kasuwar dabbobi, ina kuma turkar raguna a gida. Ba yabon kai ba (to, yabon kai ne), ka ba ni ragon da iska ke kayarwa, bayan ƴan watanni sai an kira ƙarti kafin a ɗora shi bisa amalanke. Sirrin ba shi da yawa. Ka ɗaure dabba a inuwa, kada ta yi yawo, kada rana ta narkar da kitse, ka yi ta ɗura mata dusa da harawa da tunkuza.

To, matata Hajara tana da kaka a Birnin Lalle, Kaka Dije, wadda tun ranar ɗaurin aurenmu ta ce ni angonta ne, aro kawai ta ba jikarta. Tsohuwar nan tana da kunkuru biyu a tsakar gida, kowane kamar an kifa turmi, kuma sun girme ni nesa. Da farkon damina aka wayi gari da ɗiyansu uku, kowane bai wuce goruba ba. A lokacin ne kuma za a kai ta Maraɗi a cire mata yanar ido, daga nan ta daɗe wajen ɗanta. Tana tsoron shaho da kofaton awaki, sai ta aiko wa Hajara da su cikin ƙwarya, da saƙo mai tsawo. A fitar da su da hantsi su sha rana. A ba su ciyawa da ganyen yaɗiya, da ɗan ruwa a faranti mara zurfi. A daka ɓawon ƙwan zabo a barbaɗa musu. Ta ce amana ce, uku ta bayar, uku take so, kuma da ƙoƙon bayansu lafiya lau.

Hajara ta bi saƙon nan sau da ƙafa, har cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita goyon ciki gidansu, can Birnin Lalle, inda Kaka take zaune. Tana bakin ƙofa tana maimaita mini, rana, ciyawa, ɓawon ƙwai. Na ce ta tafi abinta, wanda ya iya da rago ai ba a koya masa goruba mai ƙafa.

Tana fita na tsuguna na dube su da idon dillali. Tausayi ya kama ni. Wata guda suna cin ciyawa kamar marayu, ba kumatu, ba komai. Na ce tsohuwa dai tsohuwa ce, ba ta san kiwon zamani ba. Na samo kwali a butik, wato kanti, na sa su ciki, na kai ɗakin dusa inda rana ba ta taɓa leƙawa ba tun da aka gina shi. Na jiƙa musu ƙuli-ƙuli, na dafa wake, ranar kasuwa har madarar gari nake dama musu. Shi kuwa kunkuru bai san a'a ba. Suka yi ta ci, suka yi ta kumbura, har nama ya fara leƙowa ta hammata.

Wata rana na kai su fada, majalisarmu ta shan shayi, don a gani. Ilu mai kabu-kabu ya juya ɗaya ya tambaye ni me ya sa bayansu ya yi tudu-tudu, shi da ya san bayan kunkuru sumul yake. Na yi masa dariyar da ake yi wa baƙon kara. Na ce tozo ne, alamar ƙoshi, ko ya taɓa ganin bijimin kirki ba tozo? Fada ta yarda da ni (a fadarmu wanda ya sayi sukari shi ke da gaskiya). In Hajara ta kira ni a portabul ta tambayi zancen rana kuwa, sai in ce ai ranar ma ta gaji da ganinsu.

Ana cikin girbin gero Hajara ta sauka lafiya, aka sami ɗiya mace. Kaka Dije ma ta dawo daga Maraɗi da sababbin idanu. Ranar suna na wanke ragona da sabulu, sannan na ce su ma ɗiyan amana ba za su je gida a tuje ba. Na shafe bayansu da man shanu har ina ganin haƙorana a ciki, na sa su a sabuwar ƙwarya, na rufe da faifai, na hau moto.

Aka raɗa suna, aka yanka rago. Da aka feɗe shi, kitse ya sa mahauci salati. Kowa ya zo sai ya dafa kafaɗata. Kai ya kumbura. Uban ɗiyar fari kamata ya yi ya laɓe bayan abokai yana sunkuyar da kai, amma ni sai na ɗauko ƙwaryar da na ajiye gindin itacen bedi tun safe, na yi sallama cikin gida, tsakiyar mata.

Kaka Dije na zaune bisa tabarma da baƙin tabarau, surukata na gefenta, wadda ko idonta ban taɓa kallo ba. Na durƙusa na ce wa amaryata ta tsufa ta shirya, ta bayar da goruba, ga shi na dawo mata da kabewa. Na ɗaga faifai.

Kiyashi ne ya fara gaishe mu. Ashe tun safe sun ji ƙamshin man shanu sun kira dangi har na garin Mai Yara. Kaka ta cire tabarau, ta ɗauki babban, ta hure kiyashin, ta ajiye shi ƙasa. Ya ja ciki kaɗan, ƙafafun baya suna binsa kamar ba nasa ba. Sai ta sake ɗaukarsa, ta ɗora babban yatsa bisa tozon da nake taƙama da shi, ta danna a hankali. Ya lotsa. Wallahi kamar fanke.

"Angona, mi ka ba su?"

Na fara lissafi da muryar kara. Ƙuli-ƙuli. Wake. Kafin in kai ga madara muryata ta koma ta sauro. Ta tambayi rana, na ce ai rana tana narkar da kitse. Wata mata da ke tuƙa tuwo ta saki muciya.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Kaka ta miƙa hannu ƙarƙashin rumbu ta jawo wasu ɗiyan kunkuru biyu. Ashe ƙwai biyu sun makara, sai bayan tafiyarta suka fashe, ba wanda ya san da su. Damina guda suna kiwon kansu, suna tsintar ciyawa, suna shan hantsi. Ƙanana ne, ƙura-ƙura, ba su kai rabin nawa ba. Ta ƙwanƙwasa bayan ɗaya da farce, kowa ya ji ƙwas-ƙwas. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta sai rawa suke. Daga ɗakin jego na jiyo Hajara tana dariya tana roƙon a riƙe mata jaririya.

Ni dai ba kunyar ce ta fi damuna ba a lokacin. Na tambayi Kaka ƙasa-ƙasa ko za su rayu, ta ce sai abin da Allah ya yi, ƙashi ne bai samu abin gini ba. Ta wanke musu man da ruwan ɗumi, ta ce bayan kunkuru ba ƙahon rago ba ne, datti kawai mai ke tarawa. Ta kai su inda rana ke faɗowa, ta zauna tana gadin shaho da kanta.

Aikina kuma ya zama tara ɓawon ƙwai. Kullum ina tasha wajen masu shayi da leda, ina tsince abin da suka fasa, in wanke in shanya in aika Birnin Lalle. Rabin Dakoro suka ce asirin kasuwa nake haɗawa, sauran suka ce haihuwar fari ce ta taɓa ni. Ban musa wa kowa ba, duk sun fi gaskiyar daɗin ji.

Alhamdu lillahi, ukun nan duk suna nan. Bayan ya yi tauri, ƙafafu sun miƙe, sai dai tozon ya zauna daram, ba ya komawa. Babban ma Dillali ake kiransa. Abin da na koya shi ne, rago cika shi ake yi, kunkuru kuwa gida yake ginawa a bayansa, kuma ba a gina gida da ƙuli-ƙuli.

Bana da ɗiyata ta fara tafiya, na ga yadda take bin Dillali tana tafi, sai na lallaɓa na ce wa Kaka ta ba mu ɗaya mu tafi da shi Dakoro, ai yanzu na ƙware. Ta dube ni ta saman tabarau, ta nuna kusurwar gida da haɓa.

"Ga dutsen niƙa can, angona, ɗauki ka tahi ka turke. Shi ma ina tsoron ka maido mini shi hura."